Yadda Debian ta koyi gane fitowar da tangarɗa ta shafa

Debian, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da Ian Murdock ya kafa a 1993, ba abu guda ba ce. Dubban ƙunshin manhajoji ne da 'yan sa-kai ke kula da su, kuma tun 1994 take da rajistar tangarɗa, wadda Ian Jackson ya rubuta. Mai ƙorafi ya aika imel, a ba ƙorafin lamba, a jingina shi ga ƙunshin da ya shafa. A farkon lamari rahoto matsayi biyu gare shi, ko a buɗe ko a rufe.

Wannan ya wadatar muddin kowa siga ɗaya yake amfani da ita. Amma fitowa ta riƙa bin fitowa: buzz a 1996, hamm a 1998, potato a 2000, woody a 2002, duka sunayen kayan wasan yara da ke fim ɗin Toy Story. A 2000 kuma aka ƙara reshen gwaji, testing, tsakanin tabbatacciyar fitowa da sid, inda sababbin sigogi ke fara sauka. Sai ga ƙunshi ɗaya da sigogi uku a lokaci guda. Mai kula da ƙunshi yakan gyara tangarɗa a sid, ya rubuta lambarta a kundin canje-canje, rahoton ya rufe da kansa, alhali wanda ke kan tabbatacciyar fitowa na nan yana fama da ita. Maganin wucin gadi shi ne a liƙa wa rahoto alamar sunan fitowa, irin su woody ko sarge ko sid, da hannu, aikin da ya dogara ga wani ya tuna.

Gyara na haƙiƙa ya zo a Yulin 2005, jim kaɗan bayan fitowar sarge, lokacin da Colin Watson ya sanar da bin diddigin siga. Tun daga nan rahoto na ɗauke da bayani biyu: sigar da aka ga tangarɗar a cikinta, da sigar da aka gyara ta. Rajistar ba ta tsaya ga kwatanta girman lambobi ba. Kundin canje-canjen kowane ƙunshi take karantawa don ta san wace siga ce ta haifi wace, kamar yadda masu salsala ke bin gida har zuwa kakan da ya kafa shi. Idan sigar da ke cikin wata fitowa jikar mai tangarɗa ce, kuma gyaran bai ratsa reshenta ba, to tangarɗar ta shafe ta ko da rahoton a rufe yake. Da wannan lissafi britney, manhajar da ke tsaron ƙofar testing, take hana siga shiga idan ta zo da sabuwar tangarɗa mai tsanani.

Abin da bai warware sarai ba yana wajen mai kwamfuta. Kafin a tace rahotanni sai an san fitowar da na'urar ke kai, kuma ba kullum na'urar ke faɗa ba. Fayil ɗin /etc/debian_version yakan nuna lamba a tabbatacciyar fitowa, 12 da ɗoriya ga bookworm ta 2023, amma a testing da sid rubutu ɗaya yakan bayyana, irin su trixie/sid, domin ƙunshi ɗaya ke samar musu da shi. Ga kuma masu gauraya, rabin na'ura daga wannan reshe, rabi daga wancan. Sunan stable, wato tabbatacciyar fitowa, shi ma yawo yake yi: ya bar bookworm ya koma kan trixie a Agustan 2025. Shi ya sa kayan aiki irin su reportbug da apt-listbugs suka fi dogara ga lambar sigar ƙunshin da ke na'urar, ko wanda ake shirin sakawa, fiye da sunan fitowar.