Sunan Mutum a Cikin Ƙagaggen Labari: Waiwaye Kan Shari'o'i Biyu

Gabatarwa

Marubuta da dama sun ɗauka cewa da zarar an kira rubutu ƙagaggen labari, to doka ba ta da hurumi a kansa. Wannan maƙala za ta waiwayi wasu shari'o'i biyu da aka yi a Ingila domin nuna raunin wannan zato, kasancewar dokar ɓata suna ta Nijeriya daga can ta samo asali.

Shari'ar Artemus Jones

A shekarar 1908 jaridar Sunday Chronicle ta buga wani labarin raha game da wani ma'aikacin coci mai suna Artemus Jones, wanda aka ce an gan shi a garin Dieppe na Faransa tare da matar da ba tasa ba. Marubucin ya ce ƙirƙirar sunan ya yi. Sai ga wani lauya mai wannan suna ya shigar da ƙara, ya kuma kawo shaidun da suka ce sun zaci da shi ake. Aka ba shi diyyar fam 1,750, kuma kotun ƙoli ta Majalisar Iyayengiji ta tabbatar da hukuncin. Ƙa'idar da aka kafa ita ce, ba niyyar marubuci ake dubawa ba, fahimtar mai karatu ce abin lura.

Shari'ar Gimbiya Irina

A 1932 kamfanin MGM ya fito da fim kan kisan Rasputin na Rasha. An sauya sunaye, amma Gimbiya Irina Yusupov, matar ɗaya daga cikin makasan, ta yi ƙorafin cewa ita ake nufi da Natasha, wadda aka nuna Rasputin ya keta wa mutunci. A 1934 kotu a Landan ta ba ta fam 25,000. Daga nan ne sanarwar nan da ake liƙawa a finafinai, cewa duk sunayen ƙagaggu ne, ta zama al'ada.

Kammalawa

Shari'ar farko ta nuna ƙagaggen suna na iya faɗawa kan mai rai. Ta biyu ta nuna sauya suna ba ya wanke marubuci muddin ana iya gane mutumin. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ambaci Rabe a Shaihu Umar, amma Rabe ya rasu tun 1900, kuma a dokar Ingila ba a ƙarar ɓata suna a madadin mamaci. Marubucinmu na yau kuwa, da ke zana attajirin unguwarsu har da launin motarsa, ba shi da wannan kariya. Ya kamata ya tambayi kansa: idan maƙwabta suka karanta, wa za su nuna da yatsa?