Dokin Hawa a Barga Ake Yin Sa



Duk Sallah muna cika titi domin kallon dawakin sarakunanmu, amma kaɗan ne daga cikinmu suke tambayar hannun da ya hore su.

Horon doki daɗaɗɗen ilimi ne. Ya zo a Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tsere a Madina, ya ba dawakin da aka shirya zango mai nisa, waɗanda ba a shirya ba kuwa ya gajarta musu. A ƙasar Hausa ma sarauta guda aka ware wa wannan aiki, wato Shamaki, mai kula da bargar sarki. Hawan Daushe, wanda ake dangantawa da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), da irin wannan hidima ya ɗore, har UNESCO ta sanya hawan Kano cikin kayan gadon duniya a 2024.

Kakanninmu fatake sun riƙa koro dawaki zuwa kasuwar Salaga, su koma da goro, kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin. Kudu da nan, a kurmin Asante, tsando yakan sa wa doki sammore, don haka ba ya daɗewa. Wanda ya iya riƙon doki a ƙasar nan ya zama abin nema.

Ga yadda magabata suke yi. Dukushi yakan fara sanin ragama da turke tun yana ƙarami. Ana ba shi harawa da dusa da dawa, a jiƙa masa kanwa, a wanke shi, a gyara kofato. Sai ƙashinsa ya yi ƙwari ake sa masa linzami, sannan sirdi ba mahayi, daga baya yaro marar nauyi ya hau. A ƙarshe a saba masa da ganga da algaita da ƙarar bindiga, domin dokin da ya firgita cikin taro yana iya tattake mutane.

A yau da yawa daga cikinmu haya muke yi ranar hawa, dattawan da suka san barga kuwa suna ta ƙarewa. Sirdi da jalala ana sayo su a kasuwa, amma horo sai an zauna gaban mai shi. Muna roƙon kowane sarkin zango ya haɗa yara biyu ko uku da tsohon mai doki tun yana da ƙarfin nunawa.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya albarkaci na baya.