Fuskar Baƙar Fata Da Idon Kyamara

Duk wanda ya buɗe akwatin tsofaffin hotuna a gidajen Ngawundere ko Garwa ya san wannan: dattijo zaune da babbar riga, rawani ya fito fari fat, amma fuska ta zama inuwa, sai idanu biyu. Akan ɗora laifin a kan mai hoto, alhali laifin ya girme shi.

Tun shekarun 1950, kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Da shi ake daidaita launi: in fuskarta ta yi kyau, an gama aiki. Gyara ya fara zuwa ne bayan masu sayar da cakulan da kayan katako sun koka cewa hajarsu ba ta fita sosai a talla. Sai a shekarun 1990 baƙar mace ta shiga katin.

Da zamanin kwamfuta ya zo, masana suka so ƙera fuskar mutum ba tare da kyamara ba, sai ta riƙa fitowa kamar roba. Dalili kuwa, haske ba ya tsayawa a bayan fata. Wani kaso yana ratsawa ciki, ya warwatsu cikin tsoka da jini, sannan ya fito ta wani wuri. Ka ɗora yatsunka a kan tocila da dare, jan da za ka gani shi ne shaida. A 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa suka fitar da lissafin wannan warwatsuwa, aka yi amfani da dabarar wajen ƙera Gollum a fim ɗin The Lord of the Rings na 2002.

To amma lissafin ya fi dacewa da farar fata. A baƙar fata sinadarin melanin yana shanye mafi yawan hasken da ya shiga, don haka kyawunta yana cikin sheƙin da ke bisa goshi da kumatu, irin wanda man kaɗanya ke ƙara wa fuska. Masanin kwamfuta Theodore Kim na Jami'ar Yale ya ja hankali kan wannan giɓi a 2020. A 2022 Google ya ɗauki ma'aunin Ellis Monk mai launin fata 10, inda tsohon ma'aunin Fitzpatrick ke da 6.

Abin lura, jama'a, da hoto jikoki za su san kakanninsu. Wanda ma'auni bai san shi ba, sai dai a gaji rigarsa a manta kamanninsa. Matasanmu masu karatun kwamfuta a Jami'ar Ngawundere, ga aiki yana jiranku, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.