Yadda Remington Ya Sayi Marlin Ya Bar Maƙeransa A Baya

Tarihinmu na wannan mako Amurka zai kai mu, wajen wani kamfanin ƙera bindigogi da ya shekara 200 yana gina suna, sannan ya zubar da shi cikin shekarun da ba su kai 15 ba.

A 1816 ne Eliphalet Remington ya fara ƙira a yankin Ilion na jihar New York. Kamfanin da ya ɗauki sunansa ya zama abin tinƙahon mafarautan ƙasar. Bindigarsa Model 870 da ta fito a 1950 an ƙera ta sama da miliyan 10, sai Model 700 ta biyo baya a 1962. Uba kan yi farauta da ita har tsufa, ɗa ya gada.

A 2007 wani kamfanin masu zuba jari mai suna Cerberus ya sayi Remington. Su waɗannan ba maƙera ba ne. Sana'arsu sayen kamfanoni da kuɗin bashi, a rage abin da ake kashewa, a fitar da riba. Ba a jima ba suka haɗa da Marlin, wani tsohon kamfani na jihar Connecticut da John Marlin ya kafa a 1870, wanda ya shahara da bindigar nan da ake ɗanawa da jan mariƙin ƙarfe na ƙasa, irin ta finafinan kaboyi.

A nan ne gizo ke saƙar. A 2010 aka sanar da rufe masana'antar Marlin da ke North Haven, a shekarar da ta biyo aka kwashe injinan, aka mayar da aikin Ilion da Mayfield ta jihar Kentucky. Yawancin ma'aikatan ba su bi ba. Su kuwa injinan tsofaffi ne, sun sha aiki, kuma zanen ma'aunin da ke kan takarda ya daɗe da rabuwa da abin da ake yi a zahiri. Ma'aikacin da ya shekara 20 a kan inji ɗaya ya san halinsa, ya san inda yake ɗan karkata da yadda zai gyara da hannu. Wannan sanin ba a rubuta shi ko'ina ba, don haka bai shiga motar kaya ba. Mu da muka ɗan taɓa injin fiƙe ƙarfe a kwalejin fasaha mun ga irin haka: takarda ɗaya, inji ɗaya, amma aikin ɗalibi da na malami ba sa haɗuwa.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Masu saye suka riƙa kukan bindigogi masu karkataccen abin saiti, ƙota da ba ta zauna daidai jikin ƙarfe ba, da mariƙin da ke cijewa. Suka laƙaba musu sunan ba'a, "Remlin". Tsofaffin Marlin na ɗauke da tambarin JM a jikin bututu, sai ya zama mai saye wannan tambarin yake fara dubawa, ya gwammace tsohuwa a kan sabuwa dal.

Amma kada mu yi wa tarihi ƙarya, mu ce a da komai lafiya lau ne. Kunamar Model 700, wadda injiniya Mike Walker ya tsara, an daɗe ana ƙarar cewa takan saki harsashi ba tare da an taɓa ta ba. Shi kansa Walker ya kawo shawarar gyara tun 1948, gyaran da kuɗinsa bai wuce senti 5 da rabi ba a kowace bindiga, ba a karɓa ba. Tashar CNBC ta tono zancen a 2010, bayan ƙararraki kan mutanen da suka mutu ko suka ji rauni. Kamfanin ya tsaya a kan cewa kunamar ba ta da aibu. Wato ɗabi'ar fifita lissafi a kan ƙira ta girmi Cerberus, su dai ƙara mata gudu suka yi.

Shekarar 2014 ta fi kowace muni. Sabuwar kunamar da aka kawo don ta maye gurbin ta Walker, X-Mark Pro, ita ma sai da aka nemi masu ita su dawo da ita, saboda gam ɗin da aka sa wajen haɗa ta ya yi yawa, yana iya sa bindiga ta tashi da kanta. A shekarar ce kuma ƙaramar bindigar R51 ta fito, aka janye ta cikin 'yan watanni.

A Maris 2018 Remington ya kai kansa kotu kan ya karye, da bashin kusan dala miliyan 950 a wuyansa. Ya farfaɗo, ya sake faɗuwa a Yulin 2020, aka yi gwanjonsa gunduwa-gunduwa. Kamfanin Ruger ya ɗauki Marlin a kan kusan dala miliyan 30, bai kuma yi gaggawa ba. Sai da ya kwashe fiye da shekara guda yana sake aunawa da zanawa kafin ya fitar da bindigar farko a ƙarshen 2021, daga Mayodan ta jihar North Carolina. Masana'antar Ilion kuwa, inda jikoki suka gaji kakanni a bakin inji, an rufe ta a Maris 2024.