Tarihin biyan kuɗin likita a Nijar: ina rabon yaron da bakinsa bai buɗe ba?

 Yau za mu taɓo wata magana da aka fi yi ƙasa-ƙasa a gidajenmu: yaron da ya kai shekara uku ko huɗu bai fara haɗa magana ba, da mai in'ina mai tsanani, da wanda ya tashi daga sanƙarau ya daina waiwayowa in an kira sunansa. A Faransa ko Amurka iyayen irin wannan yaro da inshorar lafiya suke kokawa, wato asiransi, don ta biya kuɗin mai gyaran magana, wanda Faransawa ke kira ortofonis. Mu a nan tambayar ta fi haka nisa: wa ke biyan kuɗin lafiyar yaro tun farko, kuma a ina biyan yake tsayawa? Bari mu bi tarihin daki-daki.

A 1905 Faransa ta kafa tsarin kula da lafiyar 'yan ƙasa a yankunanta na Afirka ta Yamma. A takarda magani kyauta ne, amma da harajin kakanninmu ake yinsa, kuma likita sai a manyan garuruwa. Babban aikinsa rigakafi da tare annoba. Bayan samun 'yanci a 1960, zamanin Diori Hamani da na Seyni Kountché, an ci gaba da duba marar lafiya ba tare da ya biya ba, aka horar da ungozomomi da 'yan agaji a ƙauyuka. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aljihun gwamnati ya yi sanyi. Kyautar ta rage suna kawai: ka je likita a rubuto maka ordonans, ka fita ka sayi magani da kuɗinka.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince jama'a su riƙa ba da wani abu don kada magani ya yanke a ƙananan asibitoci. Nijar ta gwada hanyoyi biyu a 1993, kuma nan ne ya kamata mu kasa kunne. A Say, duk wanda ya zo likita shi ke biya: babba sefa 200, wato dala 40, ƙaramin yaro dala 20. A Boboye kuwa kowane mai biyan haraji ya ƙara dala 40 a shekara, ko yana ciwo ko lafiyarsa lau, sannan ranar ciwo babba ya ba da dala 10, yaro dala 5. Binciken da aka yi ya nuna zuwa likita ya fi ƙaruwa a Boboye, musamman wajen talakawa da mata da yara. To wannan ai shi ne ainihin inshora: mai lafiya ya tallafi marar lafiya tun kafin ciwo ya zo. Sai dai da aka yi dokar biyan kuɗin magani a 1995, hanyar da ta game ƙasa ita ce ta mai ciwo ya biya da kansa. Ga shi kuma an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, magani ya yi tsada.

A daidai wannan lokaci, 1995 da 1996, aka yi babbar annobar sanƙarau a Nijar da arewacin Najeriya, wadda ta ci dubban rayuka. Manyanmu ba su manta ba. Abin da ba a cika ƙirgawa ba shi ne waɗanda suka rayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya na iya fita da tabo na har abada, kamar kurumta ko matsalar magana. Yaron da ya kurumce kafin ya iya magana, harshensa lafiya lau yake, abin kwaikwayo ne ba ya ji. Da yawa daga cikin waɗanda muke kira bebaye a kasuwanninmu ta wannan ƙofa suka shigo.

Sauyi na gaba ya zo zamanin Tandja Mamadou. A 2005, shekarar da yunwa ta kawo ƙungiyar MSF Magarya, aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 kuma aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar ba za su biya ba a asibitocin gwamnati. Wannan doka ta ceci yara masu yawa, gaskiya ce da ba mai musu. Amma tsarinta shi ne likita ya yi aiki, ya aika takardu Yamai, gwamnati ta mayar masa da kuɗi. Mayarwar ta riƙa jinkiri har bashi ya taru, kantin magani ya riƙa zama fayau. Don gyara wannan ne a 'yan shekarun nan aka kafa hukumar INAM. Daga 1 ga Satumba 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, haihuwa ta zama kyauta.

Duk tsawon wannan tarihi abu guda bai canza ba. Kowane tsari yana biyan kuɗin zazzaɓi, ba ya biyan abin da zazzaɓin ya bari. Masassarar cizon sauro da ta taɓa ƙwaƙwalwa, shawarar jarirai, ƙyanda, kunnen da ke zubar da ruwa wata da watanni, duk suna iya taɓa ji ko magana. An yi wa yaro allura, jiki ya yi sanyi, an sallame shi, lissafi ya rufe. Gyaran magana kuwa zama ne na mako-mako har tsawon watanni, kuma kyauta ba ta iya biyan aikin da babu mai yinsa a CSI. Masu wannan sana'a ƙalilan ne a ƙasar nan, galibi a Yamai. A yankinmu na masu Faransanci, sai a 2003 aka buɗe sashen koyar da ita a makarantar ENAM ta Lome, a Togo.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Kyauta tana ƙarewa ranar da yaro ya cika shekara biyar. Mu kuwa sai mu yi ta cewa nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi, a kai shi wajen wanzami a duba ƙasan harshe, a jira. Sai an sa shi lakwal malam ya ce yaron nan ba ya ji, alhali ƙofar kyauta ta riga ta rufe. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar da ke ɗauke masa kaso mafi yawa na kuɗin asibiti. Manomin Bande gerons a da akuyarsa su ne asiransinsa.

Kada mu ɗauka maganar ta zama tarihi. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya lagon nau'in sanƙarau na A, amma wasu nau'o'in sun biyo baya. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an lissafa mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma fiye da rabin masu ciwon a gundumar lafiya ta Dungas suke. Yaran da suka tsira suna nan cikinmu. Nawa aka auna jinsu bayan sallama? Kowane gida ya tambayi kansa.

To me ke hannunmu? Na farko, mu yi amfani da shekaru biyar ɗin nan. Yaron da ya shekara ba ya gwalantu kuma ba ya firgita da ƙara, ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko kunnensa na zubar da ruwa, a kai shi likita, a roƙi majo ya rubuta abin cikin karne, ya ba da takardar turawa Magarya, daga can zuwa sashen kunne na babban asibitin Damagaram. Abin da ba a rubuta ba, ba wanda zai biya shi.

Na biyu, akwai doka. Tun 1993 Nijar ke da dokar kare masu buƙata ta musamman, a 1996 aka yafe musu kuɗin duba da kwanciya a manyan asibitocin ƙasa, a 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a 2019 aka yi sabuwar doka. In an tabbatar yaro kurma ne, a nemi ofishin jin ƙai na asibiti a tambayi takardun da ake buƙata. Akwai kuma makarantar kurame a Damagaram, kamar yadda ake da ita a Maraɗi da Yamai. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, yaron da ya same ta da wuri yana karatu kamar kowa.

Na uku, mu tuna Boboye. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu: tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 yana da asusun taimako ban da na rance. Ƙungiyoyin matanmu za su iya rubuta cikin dokarsu cewa kuɗin mota zuwa Damagaram don auna jin yaro yana cikin abin da asusun ke ɗauka. Duk ranar da aka zo kumin da zancen asiransi na kowa da kowa, wakilanmu na kwamitin lafiya su tashi su tambaya: awon ji yana ciki? Na'urar ji fa? Zaman gyaran magana sau nawa? Tiyatar haihuwa ma ba ta shiga jerin kyauta ba sai da aka ambace ta da sunanta.

Wanda ya ji wannan ya isar wa maƙwabciyar da ba ta da waya. Allah ya raya mana zuri'a, ya buɗe bakin yaranmu da alheri. Amin.