Abin da ƙasar Tasawa ta biya a damanar 1899

A watan Yuli na 1899, manoman ƙasar Tasawa suna tsakiyar noman farko, rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da Chanoine ta faɗo musu daga yamma, kan hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi. Kafin nan ta ƙone Lugu, garin Sarauniya Mangu, a watan Afrilu, ta kuma yi wa Birnin Konni kaca-kaca a watan Mayu. A Koran Kalgo aka kashe mata da yara fiye da ɗari. Kanar Klobb, wanda aka turo ya tsayar da su, ya bi sawunsu ta garuruwan da suka zama toka, har Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe su biyun a Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau. An saba ba da labarin a matsayin haukar mutum biyu. A ganina wannan bayani ya yi arha, domin ɓarnar tana cikin tsarin tafiyar tun kafin a ɗaga ƙafa.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Faransa hanyar arewa mai ƙarancin ruwa. A kan wannan hanya aka saki ɗaruruwan masu bindiga, da 'yan dako, da mata, da dawaki da shanun ganima, ba tare da guzurin da zai ishe su ba. To me za su ci, ina za su sha? Amsar tana cikin rumbun talaka da rijiyarsa. Duk wanda ya san ƙasar tunga tsakanin Tasawa da Mayahi ya san cewa rijiya a nan gaba-gaba ake haƙa ta, da guga da igiya mai tsawo ake jan ruwanta, kuma abin da take bayarwa a yini daidai bakin garin ne da dabbobinsa. Taron dubbai ya kwana ɗaya a kanta, ta ƙafe. Rumbu kuwa a watan Yuli ya kusa kai ƙasa, damin geron da ya rage shi ne abincin masu riƙe da hauya har kaka. Idan aka kwashe shi, aka ɗaure majiya ƙarfi su yi dako, sauran suka gudu daji, ciyawa ta cinye shukar. Mutuwar ba ta tsaya ranar harbi ba, ta bi mutane har bazara mai zuwa.

Wani zai ce ai ƙasar ba baƙuwar yaƙi ba ce: Katsinawan Maradi da Gobirawan Tsibiri sun shafe shekaru suna gwabzawa da daular Sakkwato, Damagaram ma tana kai hari tana kama bayi. Gaskiya ne, kuma talaka ya sha wuya a hannunsu. Amma waɗancan hare-hare na doki da mashi ne, yawanci da rani, ganuwa da kurmi suna iya kare gari, sarki kuma yana bukatar manomi ya rayu don ya biya shi baɗi. Rundunar 1899 wucewa take yi da bindiga mai aman harsashi, ba ruwanta da baɗi.

Wani kuma zai ce Faransa ta yi tir da abin, tunda ta turo Klobb. Ta turo shi, amma ba ta mayar da komai ba. Ragowar rundunar ta ci gaba da tafiya, Damagaram ta faɗi a ƙarshen Yuli, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, sannan hafsoshi biyu, Joalland da Meynier, suka ja ta har Kusseri, inda aka kashe Rabeh, mai mulkin Borno, a Afrilun 1900. Dukansu biyu sun yi ritaya suna janar. A 1902 aka rufe binciken da Faransa ta buɗe kan lamarin, aka ɗora laifin kan zafin ƙasa da ya juya wa matattun biyu, Voulet da Chanoine, kai. Sai a 1904 da 1906 aka sake zama da Ingila, aka matsa iyakar zuwa kudu, domin Faransa ta sami hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram.