Muryar Na'ura ko Tafin Hannu: Nazarin Kayan Rediyon Masu Sha'awa da Suka Dace da Makafi a Yankin Bagega

Tsakure

Maƙalar ta auna na'urori biyar na rediyon masu sha'awa da ma'aunin makahon da ke zaune a Bagega, cikin ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. Ra'ayin da ya yi rinjaye a tsakanin masana shi ne, na'urar da ta fi yawan magana ita ta fi dacewa da makaho. Nazarin ya gano cewa inda Turanci ba harshen gida ba ne, kuma babu mai gyara a kusa, abin da ya fi murya muhimmanci shi ne makaho ya iya komawa wurin da ya sani da hannunsa duk lokacin da na'ura ta rikice masa.

1.0 Gabatarwa

Ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Mako biyu aka ce za a yi. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomin kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mai ido ya iya yin tattaki ya nemi inda zai buga waya. Makaho kuwa wayar nan ita ce ta rage masa dogaro da ɗan jagora, da aka rufe sai ya koma gidan jiya.

Rediyon masu sha'awa hanya ce ta magana kai-tsaye tsakanin na'ura da na'ura, ba tare da turken kamfani ba. Hukuma ce ke ba mutum lasisi da lambar kira. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Oba-oba da ake gani a hannun jami'an tsaro ɗan'uwansa ne na kusa, bambancin yana ga zangon da aka ware da dokar amfani.

An zaɓi Bagega ne da dalili. Gubar dalmar da ta ɓulla a 2010 daga niƙan duwatsun zinari cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma. Bagega ce ta fi su girma, ita ce kuma aka bari baya: sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka samu damar fara ba yara magani. Dalma idan ta taɓa ƙwaƙwalwa tana iya barin yaro da makanta ko kurumta, kuma waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata. Ga kuma tsohuwar matsala. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi kowace shiyya yawansu.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan batu ya fito ne daga ƙungiyoyi biyu: RAIBC ta Ingila, wadda aka kafa a 1954, da shirin Handiham na jihar Minasota a Amurka, wanda ya fara a 1967. Sun yi aikin da ya cancanci yabo. Sai dai makahon da suke rubutu dominsa yana da wuta dare da rana, yana da kwamfuta mai karanta masa rubutu, Turanci harshensa ne, kuma akwai ƙungiyar 'yan rediyo a garinsu da za ta turo mai ɗaura masa eriya. A irin wannan hali daidai ne a ce murya ce ma'auni. Kuskuren shi ne a ɗauko ma'aunin a kawo shi Anka ba tare da an tambayi abin da ke riƙe da shi ba.

Akwai ra'ayi na biyu, wanda aka fi ji a nan gida, cewa babbar waya mai manhajar TalkBack da ke karanta wa makaho rubutu ta riga ta gama da wannan magana. Rufe sabis na 2021 ya isa amsa.

3.0 Hanyar Bincike

An dogara ga littattafan jagora na masu ƙera na'urorin. An ɗauki Kenwood TS-590 da Icom IC-7300 daga manyan na'urorin gajeren zango, sai Baofeng UV-5R da Baofeng BF-888S da Radioddity GD-77 mai manhajar OpenGD77 daga na hannu. Kowace an yi mata tambaya biyu: me take faɗa wa kunne, kuma idan yatsa ya kuskure, ta yaya marar gani zai dawo daidai shi kaɗai?

4.0 Sakamakon Bincike

4.1 Abin da kunne ke samu

A nan TS-590 ce gwana. Idan aka sanya mata ƙaramin allon murya mai suna VGS-1, tana karanta mita, da yanayin aiki, da jerin zaɓi, ga madannai na gaske da yatsa ke rarrabewa. IC-7300 tana zuwa da muryarta, tana faɗin mita da ƙarfin sigina, amma sauya zango da shigar da mita an ɗora su a kan gilashin shafawa, wanda santsi ne kawai a hannun makaho. Dukkansu biyu Turanci ko Jafananci suke yi. UV-5R tana furta lambar da aka danna da sunan wasu zaɓuɓɓuka a Turanci ko Sinanci, amma ba ta karanta abin da aka saita a cikinsu, ba ta kuma faɗin mitar da ke kan gilashi. BF-888S lambar tasha take kira, sai gargaɗi idan batir ya yi ƙasa. Da murya za a bi, da ita ce ta ƙarshe.

4.2 Wurin komawa

A nan ne lissafi ya juya. Makahon da ya san gidansu ba ya buƙatar a riƙa faɗa masa ga ɗaki ga rijiya. Da ya dafa ƙofar zaure ya san inda komai yake, in ya rikice kuma can zai koma ya sake ƙirga taku. Tambayar ita ce, wace na'ura ce ke da irin wannan ƙofa?

BF-888S ba ta da gilashi sam. A samanta akwai abin murɗawa guda biyu, ɗaya na kunnawa da ƙara sauti, ɗayan na tasha, mai gaɓa 16, wanda yake tsayawa cak a ta farko da ta ƙarshe. Duk inda aka bar shi, ko yaro ne ya yi wasa da shi, murɗa shi hagu har ya ƙi tafiya ya kai ka tasha ta 1. Daga nan ƙirga ne da yatsa. Muryar da ke cewa lambar tabbatarwa ce kawai, ko mutum bai san ma'anar kalmar Turancin ba aikinsa bai tsaya ba. Abin da ya fi jan hankalin mai wannan nazari shi ne, a kan wannan na'ura mai ido bai fi makaho sanin komai ba, domin babu abin da aka ɓoye a rubuce. Su biyun hannu da kunne suke amfani da su.

UV-5R akasin haka take. Tana da ma'ajiyar tasha 128, da layi biyu na sama da na ƙasa, da yanayi biyu, na mita da na tasha, da jerin zaɓi wajen 40 da ke zagayawa ba tare da bango ba. Madanni guda yana aiki biyu gwargwadon daɗewar dannawa. Yatsa ɗaya ya zame, sai mutum ya koma layin da ba nasa ba, ko ya sauya siginar da ke buɗe masa kunnen abokin magana. Na'urar za ta ci gaba da aiki, za ta ci gaba da magana ma, amma babu mai jin sa. Kashewa da kunnawa ba sa mayar da ita yadda take, domin tana riƙe saitin ƙarshe. Makahon Minasota zai jona ta da kwamfuta, ya buɗe manhajar CHIRP, ya mayar da komai cikin minti kaɗan. Na Bagega sai ya jira ranar da wani mai ido, wanda kuma ya iya karanta Turanci, zai bi ta wajensa. Wannan shi ne dogaron da aka ce na'urar ta zo ta rage.

Don haka yawan magana ba ya nuna sauƙin amfani. Na'urar da ke faɗin abin da ka danna daban take da wadda ke faɗin halin da take ciki, kuma rubuce-rubucen da aka bita sukan haɗa su a layi ɗaya. TS-590 da GD-77 suna cikin kashi na biyu, shi ya sa suka tsira daga wannan suka: in ka ɓata za ka iya tambayarsu ina kake. Amma amsar da Turanci za ta zo, cike da kalmomin fasaha. Bahaushen karkara ya saba da lambobin Turanci ta dalilin lambar waya da katin kira, wannan gaskiya ne, sai dai sanin lamba goma bai kai ga fahimtar jimlar da ke bayanin tazarar mitar aikawa da ta karɓa ba.

GD-77 ce kaɗai ta bar ƙofar sauya harshe a buɗe. Muryar OpenGD77 fayil ce da ake ɗorawa a kuma sauya, an riga an yi ta a harsunan Turai da dama. Babu wani shingen fasaha da ya hana a naɗe ta da Hausa. Aiki ne da sashen Hausa da na injiniyan lantarki a jami'a guda, a Gusau ko Sakkwato, za su iya haɗa hannu su yi, matuƙar za a zauna da makafin a ji kalmomin da su za su gane.

4.3 Nisa da wuta

Na'urar hannu iyakarta kusan inda doron ƙasa ya lanƙwashe. Bisa ƙa'idar lissafin da aka saba, mutum biyu a tsaye a fili ba za su wuce kilomita 10 ba, itatuwa da tuddai kuma su rage. Eriya a kan sanda mai tsawon mita 12 tana kai shi wajen kilomita 19. Ya isa tsakanin Bagega da ƙauyukan da ke zagaye da ita, bai isa Gummi ko Gusau ba. Wannan sai babbar na'ura a zangon mita 40 ko 80, da eriya shimfiɗe ƙasa-ƙasa mai harba sigina sama ta dawo. Ita kuwa tana jan wajen amfiya 20 lokacin aikawa, alhali batirin na hannu ƙaramin farantin sola ya ishe shi. Tsarin da ya fi dacewa shi ne babbar na'ura guda a wuri amintacce, ƙanana marasa gilashi a hannun mutane, an saita musu tasha tun farko a cikin zangon megahaz 430 zuwa 440 na masu sha'awa.

5.0 Iyakar Binciken

Za a ce nazarin na tebur ne, ba a miƙa wa kowa na'ura a Bagega ba. Haka ne, amma ko abin murɗawa yana tsayawa ko ba ya tsayawa ba ya sauyawa da wuri. Za a kuma ce wanda aka saita wa tasha 16 bai zama cikakken ɗan rediyo ba, tun da sana'ar koyo ce da gwaji. Amsar ita ce daga nan ake farawa. Sukar da ke da nauyi ta tsaro ce. Ƙa'idar rediyon masu sha'awa ta hana ɓoye magana, ke nan duk mai na'ura a daji zai ji abin da ake faɗa. A yankin da zargin zama infoma ke iya cin ran mutum, makaho da oba-oba a aljihu yana cikin haɗari daga ɓangare biyu. Lasisi shi kaɗai ba zai kare shi ba. Sai da sanin masarautar Anka da jami'an tsaro, da kuma sarkin makafi, wanda shi ya san mutanensa kuma shi zai iya tsaya musu idan aka tare su a hanya.